Daga zamiya zuwa riƙe ƙasa: hanyoyi huɗu na mayar da ƙafafun BMW E36 ko E46 ta dirif motar filin tsere

Motar da aka haɗa don dirif abu ɗaya aka koya mata: ta jefa baya, ta yi ta tafiya a karkace, direba na riƙe da ita da totur da sitiyari. Ranar shiga filin tsere kuwa, irin wadda ake shiryawa a Brands Hatch da Donington Park a Ingila, ko Zwartkops kusa da Pretoria, akasin haka ake nema. So ake tayoyi huɗu su kama ƙasa daga shiga kwana har fita. Ba gasa ba ce. Kuɗi za ka biya, a ba ka minti 15 zuwa 20 kana zagaye, ka fito mota ta huce, ka sake komawa. Mafi yawan masu shirya wannan rana sun hana dirif, wanda ya yi da gangan baƙar tuta za a ɗaga masa ya fito. Haka dokar take a Nürburgring ta Jamus mai tsawon kilomita 20.8, inda kuma dole mota ta cika sharuɗɗan hawa titi kafin a bar ta ta shiga zagayen jama'a.

Na ɗauki E36, wadda ta fito a 1990, da ƙanwarta E46 ta 1998, saboda su ne suka fi yawa a hannun masu dirif na Turai, su ne kuma samarin Abuja da Kano masu wasan mota suka fi sani. Kayan ƙafarsu kusan tsari ɗaya ne: shokazoba mai ɗauke da sifirin a gaba, hannaye da yawa a baya, sifirin na zaune daban da shokazoba. Wanda ke da Nissan Silvia ko 350Z zai ga lissafin bai yi nisa da nasa ba.

Ma'aunin da zan auna kowane zaɓi da shi

Na farko kuɗi, ban da kuɗin taya, domin taya dole ce a kowane zaɓi. Na biyu ƙarko. Na uku sauƙin aiki: ana gamawa a yini ɗaya, ko sai mota ta kwana a gareji. Na huɗu haɗari, kuma shi na fi ba nauyi, don kuskuren da dirif ke yafewa a gudun kilomita 70 ba ya yafuwa a kilomita 160. Na biyar, ko za a iya komawa dirif idan zuciya ta raya.

Abin da dirif ya yi wa ƙafafun motar

Kafin a zaɓa sai an san me aka taɓa. Duk inda na ce kamba, ina nufin kwanciyar saman taya zuwa ciki. Bakin taya kuma shi ne ko tayoyin biyu sun tsuke ciki ko sun buɗe waje idan aka dube su daga sama. LSD kuwa aksil ne da ke barin tayoyin baya su bambanta gudu a kwana amma ya hana ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai.

| Saiti | Yadda ake yi wa motar dirif | Inda ake farawa a filin tsere |
|---|---|---|
| Kambar gaba | digiri 4 zuwa 6 | digiri 2.5 zuwa 3.5 |
| Kambar baya | sifiri zuwa rabin digiri | digiri 1.5 zuwa 2 |
| Bakin tayar gaba | a buɗe | sifiri, ko buɗewa kaɗan |
| Bakin tayar baya | ya danganta da direba | a tsuke, milimita 2 zuwa 3 jimilla |
| Murɗar sitiyari (iyakar juyawar tayar gaba) | digiri 55 zuwa sama | ta kamfani ta isa |
| Sitabilaizar gaba | sau da yawa a cire | a mayar |
| Aksil | na walda, ko LSD mai kullewa sosai | LSD mai sassauci lokacin birki |

Waɗannan lambobi kowane mai alaimen zai iya juya su. Abu biyu ne ba sa juyuwa da sifana, kuma su ne gishirin maganar: nokul da aksil.

Nokul shi ne ƙarfen da hob da tayarod da boljoyin ke haɗuwa a jikinsa. Mai dirif yakan yanke hannunsa ya gajarta shi ya yi walda, ko ya sayi cikakken kit daga kamfani irin Wisefab na Estoniya ko SLR na Amurka. Gajeren hannu na sa taya ta juya da yawa da ƙaramin motsin sitiyari. A dirif wannan alheri ne. A kwana mai gudu kuwa, ɗan motsin da bai kai faɗin yatsa biyu ba sai ya karkata motar fiye da yadda ka nufa. Sannan ana rage abin da ake kira Ackermann, wato tsarin da ke sa tayar ciki ta fi ta waje juyawa, shi ya sa motar dirif ke jan tayar gaba tana ƙugi a matsattsiyar kwana. Akwai kuma dabarar masu ƙaramin ƙarfi ta sa lowa-am ɗin E46 a jikin E36 don ya fi tsawo. Gaba ya yi faɗi, kamba ta ƙaru, amma idan ba a daidaita tsayin tayarod ba, duk lokacin da taya ta hau dakalin gefen kwana sai sitiyari ya juya kansa.

Aksil na walda kuma ya haɗe tayoyin baya biyu sun zama abu guda. Tsaya kusa da irin wannan mota tana juyawa a wurin fakin, za ka ji tayar ciki na cewa cif, cif, cif, tana tsalle saboda an tilasta mata gudun tayar waje. A fili, wannan tilas ɗin ne ke sa mota ta ƙi cin kwana lokacin shiga, hanci na neman waje, sannan da ka taka totur bayan ya kuɓuce gaba ɗaya ba sallama. Idan an yi ruwa abin ya ninka.

Abu ɗaya ba ya cikin zaɓi, wajibi ne ko wace hanya aka bi: birki. Zagayen dirif ɗaya bai cika wuce minti guda ba, kuma birkin hannu ne ke shan wahala. A fili minti 20 za a yi ana taka birkin ƙafa daga gudu mai yawa. Man birki na DOT 4 mafi ƙarancin tafasarsa yana sabo digiri 230 ne a ma'aunin Salsiyos, kuma yana raguwa sosai idan ya sha danshi. Motul RBF 600 yana wuce digiri 300. A zuba irinsa, a sa fatar birki mai jure zafi, a duba tiyo. Idan birkin hannu na haidirolik an ratsa shi ta cikin layin birkin baya, a tabbata ba ya riƙe iska, domin nan ne feda ke fara laushi. Wanda ya cire ABS ya san cewa tayar gaba mai kamba da yawa tana saurin kullewa.

Zaɓi na ɗaya: a juya saiti kawai

Ba a cire komai. A rage kambar gaba ta farantin saman shokazoba, a ƙara ta baya, a tsuke bakin tayar baya, a mayar da sitabilaiza idan kit ɗin ya bar mata wuri, a sa taya iri ɗaya gaba da baya. Bayan motar ma yana da sauƙi, domin masu dirif da yawa sun riga sun sa hannun kamba mai zare don miƙar da taya, shi ɗin za a murɗa ta ɗaya gefen.

Kuɗin bai wuce na alaimen da kayan birki ba, ƙiyasina dala 300 zuwa 600. Yini ɗaya ya isa, komawa dirif kuma wani alaimen ne kawai. Matsalar ita ce dogon lowa-am yakan hana kamba sauka ƙasa da digiri 4 ko da an tura farantin har ƙarshe. Bayan zagaye goma ka durƙusa ka shafa tayar gaba: gefen ciki ya yi zafi har roba na naɗewa kamar ƙanzo, gefen waje kuwa da ɗumi-ɗumi kawai. Rabin taya kake birki da shi ke nan. Wajen ƙarko, kit na dirif yana amfani da mahaɗan ƙarfe zalla marasa roba, ƙura na cinye su da wuri, wanda ya san ƙurar hunturu ya san abin da nake nufi.

A nan dole a raba hatsi da tsakuwa. Idan kit ne na kamfanin da ya auna aikinsa, kuma aksil LSD ne, wannan zaɓi yana tafiya lafiya ga mai son ɗanɗanawa. Idan nokul ɗin yankan hannu ne da walda, ban yarda a shiga fili da shi ba ko da rana ɗaya. Nauyin da ke sauka kan wannan walda yayin birki daga kilomita 170 da taya mai kama ƙasa ba irin wanda ta saba ɗauka ba ne, kuma idan hannun nokul ya karye babu sitiyari.

Zaɓi na biyu: a mayar da gaba yadda kamfani ya yi, a canja aksil

Wannan ne na fi so, kuma zan daɗe a kansa. A cire nokul da lowa-am da tayarod na dirif, a cire sifesar da aka cusa a rak ɗin sitiyari, a mayar da na asali. Lowa-am da tayarod da boljoyin a sayi sababbi, na Lemförder misali, waɗanda ke cikin masu yi wa BMW kaya. Nokul kuwa na Beljiyam ya wadatar muddin bai lanƙwashe ba, ana samunsa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo kamar yadda ake samu a wurin masu ɓare motoci na Turai. A E36, bushin lowa-am mai rami a gefe irin na M3 ta farko yana ƙara kasta, wato kwanciyar saman shokazobar gaba zuwa baya, sitiyari ya yi nauyi mai daɗi kuma ya riƙa dawowa tsakiya da kansa.

Koyiloba da ke jiki, wato shokazoba da sifirin masu daidaita tsayin mota, a bar shi, in dai ba ya zubar da mai. Sifirin ne za a duba. Akwai abin da ke rikita mutane a waɗannan motoci: sifirin na baya yana zaune a tsakiyar hannu ne, nesa da taya, don haka abin da ke isa taya daga taurinsa bai kai rabi ba, alhali na gaba kusan duka yake isa. Shi ya sa za ka ga motar fili da sifirin mai taurin kilo 8 kan kowace milimita a gaba, kilo 10 ko 12 a baya, kuma ba ta jefa baya. Masu dirif na zamani sukan sassauta baya don ya tsuguna ya tura motar gaba. Idan taka haka take, sifirin biyu za ka canja, ba koyiloba huɗu ba. A kuma ɗaga motar kaɗan idan an kwantar da ita ƙasa sosai. Da zarar lowa-am ya karkata, gefen taya ya fi gefen ciki tsayi, mota na ƙara jirkicewa a kwana duk da ta yi ƙasa.

Sai aksil. Da yawa daga cikin motoci masu silinda shida na wannan zamani akwatin milimita 188 gare su. Wasu E36 sun zo da LSD mai kullewa kashi 25 daga kamfani, M3 ma haka, amma E46 da ba M3 ba ba ta zo da shi ba, sai dai a saya. Iri biyu ne a kasuwa. Mai faranti, irin na OS Giken da Kaaz na Japan, yana kullewa da ƙarfi, yana son canjin mai a kai a kai, farantan kuma suna cinyewa. Idan shi za a saya a nemi wanda ake kira 1.5, mai kama sosai lokacin totur ya sassauta lokacin birki. Mai haƙoran giya, irin Quaife na Ingila, ba ya ƙara, ba ya neman gyara, amma idan tayar ciki ta tashi sama a kan dakali sai ya saki kamar aksil na gida. Wanda har yanzu ke son zamiya jefi-jefi ya ɗauki mai faranti. Wanda ya yi sallama da ita ya ɗauki mai haƙora.

Taya a sa girma ɗaya a ƙafa huɗu. BMW da kanta haka ta yi wa M3 ta E36 mai lita 3.0, 235/40 a rim 17 gaba da baya, kafin ta raba su a mai lita 3.2. Ga rage ƙin cin kwana, ga damar juya tayoyi su cinye tare.

Kuɗi tsakanin dala 1,500 da 2,500, aksil ne ke cin kaso mafi tsoka, kuma sayar da kit ɗin dirif na mayar da wani abu aljihu. Aikin kwana biyu ne zuwa uku a hannun bakanike da ya san BMW, saitin haƙoran aksil kuma sai gwani, in ba haka ba zai yi ta kuka har ya ci kansa. Ƙarko mai kyau, don an koma boljoyin mai rufin roba. Haɗari ya ragu ƙwarai. Abin da aka rasa shi ne murɗar sitiyari: za a iya zamiya, amma ba irin ta gasa ba.

Tunda an sauke aksil, a haska tocila a jikin bodi. E46 ta shahara da tsagewar ƙarfen da gadon aksil na baya ke ɗaure a jikinsa, E36 kuma aljihun da hannun baya ke shiga da mazaunin shokazobar baya ne ke yagewa. Motar da ta sha bugun kuloci shekara da shekaru tana iya ɗauke da tsaga siririya kamar gashi, mai layin tsatsa, kusa da kusoshi. A yi mata walda da farantin ƙarfafawa kafin a mayar da komai. Bushin hannun baya ma a sabunta shi, don idan ya mutu bakin tayar baya na canjawa da kansa a tsakiyar kwana.

Zaɓi na uku: cikakken juyi

Duk abin da ke zaɓi na biyu, a ƙara sabon koyiloba na fili, sitabilaiza masu daidaituwa gaba da baya, bushi masu tauri ko'ina, sannan a ɗora motar kan sikeli huɗu a daidaita nauyinta har gaba-dama da baya-hagu su ɗauki kashi 50 tare da direba a ciki. BC Racing na Taiwan yana kusan dala 1,000 zuwa sama kaɗan, KW na Jamus da Öhlins na Suwidin sun ninka haka biyu zuwa uku. Jimilla ana maganar dala 5,000 zuwa sama, da mako guda ko fiye.

Bambancin shokazoba mai kyau gaskiya ne. Yana haɗiye dakali ba tare da ya jefa motar ba, kuma ba ya laushi idan ya yi zafi. Sai dai direban da bai yi rana goma a fili ba da wuya ya ci moriyarsa, hannunsa da idonsa ne ke riƙe shi, ba shokazoba ba. Irin waɗannan kaya kuma suna buƙatar a kai su sabis lokaci-lokaci wurin masu izini, abin da ke da sauƙi a Jamus ko Ingila, yake da tsada ga wanda sai ya tura su ƙetare. Maɓallan daidaitawa da yawa ma tarko ne: wanda ya murɗa uku lokaci ɗaya ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Komawa dirif daga nan asara ce.

Zaɓi na huɗu: a bar ta yadda take, a nemi wata

Motar dirif da aka yanke mata bodi don taya ta samu wurin juyawa, aka cire ABS, aka sha bugun bango da ita, wani lokaci gyaranta ya fi sayen wata tsada. 328i mai ƙarfin doki 193 ko 330i mai 231 da ba a taɓa ba, da fatar birki da mai da taya da farantin kamba, ta isa shekarar farko a fili. Kuɗin ya danganta da kasuwar inda kake, ga inshora biyu da wurin ajiya biyu. Amma kowace mota na wasan da aka yi ta dominsa.

| Zaɓi | Kuɗi, ban da taya | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Komawa dirif |
|---|---|---|---|---|---|
| Saiti kawai | dala 300 zuwa 600 | matsakaici | yini ɗaya | babba idan akwai walda | nan take |
| Gaban asali da LSD | dala 1,500 zuwa 2,500 | mai kyau | kwana 2 zuwa 3 | ƙarami | da iyaka |
| Cikakken juyi | dala 5,000 zuwa sama | mai kyau, da sabis | mako ko fiye | ƙarami | da asara |
| Mota ta biyu | kuɗin mota da ajiya | ya danganta da motar | babu kwance-kwance | ƙarami | ba a taɓa ta ba |

Wa ya dace da wanne

Mai son gwada fili sau ɗaya ko biyu a shekara, wanda kit ɗinsa na kamfani ne kuma aksil ɗinsa LSD, ya tsaya a zaɓi na ɗaya, ya fara da rana busasshiya da fili mai yalwar wurin kaucewa. Mai nokul ko aksil na walda ba shi da zaɓi na ɗaya, daga na biyu lissafinsa ke farawa. Wanda ya yanke shawarar fili ne wasansa daga yanzu amma aljihu na da iyaka, na biyu ne nasa, rarar kuɗin ya zuba a taya da kuɗin shiga da awa ɗaya tare da mai koyarwa. Na uku na wanda ya riga ya san motarsa ne har yana iya cewa a wace kwana shokazoba ke gazawa, ko mai shirin shiga gasar agogo, wadda ake auna lokacin zagaye a cikinta. Mai gasar dirif da ba ya son rabuwa da ita, ko mai bodin da ya gaji, ya nemi mota ta biyu.

Ko wanne aka ɗauka, a je fili da gejin iska da na'urar auna zafin taya. A fara da iska ƙasa da ta titi, a auna da zarar an fito ana neman fam 32 zuwa 35 da zafi, a duba zafin ciki da tsakiya da wajen kowace taya, a rubuta a littafi. Idan ciki ya ɗara waje da kaɗan, kamba ta zauna daidai. Idan ratar ta yi yawa, a rage rabin digiri kafin rana ta gaba.